Ɗakin Da Ba Mai Leƙawa

Ya kai ɗan'uwana mai karatu, ka ba ni hankalinka kaɗan in yi maka maganar wani ɗaki. Ɗakin nan a kan same shi a bakin iyakar ƙasa, da manyan filayen jirgin sama, da bayan ofisoshin ma'aikatan shige da fice. A cikinsa a kan ajiye mutumin da aka tare ba shi da takardar tafiya, ko wanda takardarsa ta mutu, ko kuwa wanda ma'aikaci ya duba hankalinsa bai kwanta da shi ba. Alƙali bai yanke masa hukunci ba, sau da yawa ma ba wanda ya ce ya yi sata ko ya zub da jini. Abin da a kan ce masa kurum shi ne, "Shiga nan ka jira, yanzu za a sallame ka." To, wannan "yanzu" ita ce abin tsoro, domin ta kan zama kwana, ta zama mako, wani lokaci har wata ya tsaya ya mutu mutum yana zaune bisa siminti.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami magana guda ce. Duk ɗakin da hukuma ta kulle ɗan Adam a ciki, ko da na yini ɗaya ne, wajibi ne a sami wani daga waje, wanda ba ya cin albashi a hannun mai mabuɗin, ya riƙa faɗowa ba zato yana dubawa, sa'an nan ya gaya wa jama'a abin da ya gani.

Wataƙila ka ce, "Mu mutanen 'Yargoje da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ina ruwanmu da wannan? Ai ba a bakin iyaka muke ba." Haka ne, amma ƙafafun 'ya'yanmu suna kai wa can. Tun kaka da kakanni mutanen ƙasar nan masu cin rani ne, masu fatauci, masu tafiya Gabas. Yanzu kuwa ga wani sabon mai kora ya zo, watau ɓarayin daji. Ba wanda ya manta ranar 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ba kuwa wanda ya manta watan Yuni na 2024, sa'ad da aka auka wa 'Yargoje aka kashe mutane da yawa, aka tafi da mata da yara. Tun a 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya mutum fiye da 40,000 daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina waɗanda suka tsere suka shiga ƙasar Maraɗi. Wanda ya fita gida da gudu cikin dare ba ya tsayawa neman fasfo. Saurayin da gonarsa ba ta nomuwa shi ne za ka ji ya nufi Agadas, ko Aljeriya, ko Libiya, ko Saudiyya. Saboda haka ɗakin nan da nake magana, ko da yana nesa da mu, da mutanenmu a ke cika shi.

Akwai ɗan wani maƙwabcina da ya tafi neman aikin gini a wata ƙasa. Aka tare motarsu a hanya, aka karɓe wayoyinsu, aka zuba su cikin wani ɗaki. Ya ce da ni ɗakin ba zai wuce kwanan mutum goma ba, amma sun haura talatin. Bokiti guda aka ajiye musu a lungu, taga ɗaya ce can sama, in dare ya yi sai wasu su kwanta wasu su tsaya, a yi ta canji. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Uwarsa a gida ba ta san ko yana raye ba, har ta sayar da ragonta tana biyan masu cewa za su nemo mata labari. Da ya dawo ya zo wurina in rubuta masa takardar kuka, don ya san ni malamin ofis ne. Na ce ya nuna mini takardar da aka ba shi ranar da aka kama shi. Ya ce babu. Na ce ta ranar da aka sake shi fa? Ya ce babu. Na ce an rubuta sunansa a wani littafi? Ya ce shi dai bai ga an rubuta ba. Sai na ajiye alƙalami. Na daɗe ina riƙe da littattafan ofis, na kuwa san abin da ba a rubuta ba a wurin hukuma daidai yake da abin da bai auku ba. Kwana goma sha ɗaya na ran ɗan Adam sun ɓace, ba inda za a je a neme su.

Kada ka ce wannan labarin yaro guda ne. A watan Satumba na 2012 aka tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya kimanin 1,000 a filayen jirgin sama na Jidda da Madina, aka ce ba su tare da muharramai. Har da matan Jihar Katsina a cikinsu. Wasu sun yi kwanaki a tsare, aka komo da da yawa gida ba su sauke farali ba, sai da Gwamnatin Tarayya ta naɗa jakadu a ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal, Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, don a sasanta. A watan Janairu na 2021 kuma wani hoton bidiyo ya bazu a wayoyin mutane, ga 'yan Nijeriya kwance jingim a wani ɗakin tsarewa a Saudiyya, sun lulluɓa da baƙar leda. Kafin watan ya ƙare aka kwaso kimanin mutum 800 zuwa Abuja. Ka lura da wannan da kyau: wasunsu sun yi watanni a wurin, amma ba a motsa ba sai da ido ya gani. Gani ya kori ji.

A arewa da mu kuwa, Aljeriya ta kan kame baƙi a garuruwanta, ta tara su a Tamanrasat, ta loda su a manyan motoci zuwa iyakar Nijar. Da yawa a kan sauke su cikin rairayi, su taka kimanin kilomita 15 kafin su kai Assamaka. Masu ƙidaya sun ce a shekarar 2024 kaɗai mutum fiye da 30,000 aka koro ta wannan hanya. A Libiya, a watan Yuli na 2019, bom ya faɗa kan gidan tsare baƙi na Tajura, mutum 53 suka mutu a kulle. A ƙasar Meziko, ranar 27 ga Maris 2023, wuta ta kama a wani ɗakin ajiye baƙi na ɗan lokaci a garin Huwares, kusa da iyakar Amurka. Na'urar ɗaukar hoto ta nuna masu gadi suna ficewa, hayaƙi yana turnuƙewa, ba wanda ya buɗe ƙofa. Mutum 40 suka halaka.

To, yanzu bari mu ji bakin masu jayayya, don ba a yin shari'a da mutum ɗaya.

Wani ya ce, "Ai kwana ɗaya ne ko biyu, me za a duba?" Wannan magana ita ce tushen ɓarnar duka. Gidan yari yana da littafi, yana da ranar ziyara, yana da ɗakin magani, manyan alƙalai su kan kai masa rangadi. Amma ɗakin jira, tun da an ce ba a kwana a ciki, ba a yi masa tanadin tabarma ba, ba banɗaki, ba ɓangaren mata, ba kason abinci. In aka kwana kuwa, sai a kwana cikin babu. Ko tsarin mulkinmu na 1999, a sashi na 35, ya ce wanda ake tuhuma da laifi a kai shi gaban alƙali cikin yini ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin yini biyu. Wannan wa'adi don wanda ake tuhuma da laifi aka rubuta shi. Wanda aka tsare don a hana shi shiga ƙasa, ko don a fitar da shi, sashin ya yarda a tsare shi, bai ɗaura masa wannan wa'adi ba. Ashe ta wannan fuska ɓarawon akuya ya fi baƙo gata. Inda doka ta yi sassauci, nan ne ya kamata ido ya yi yawa.

Wani kuma ya ce, "Su suka jawo wa kansu, wa ya aike su tafiya ba takarda?" Na yarda kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, ta kuma mayar da wanda ya shigo ba bisa ƙa'ida ba. Ban ce a bar ƙofa a buɗe ba. Amma ladan rashin takarda shi ne a mayar da mutum gida. Ba dokar da ta ce ladansa ƙishirwa, ko bulala, ko a kwantar da matar aure cikin ƙarti. Mun sha ji a bakin malamanmu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi abincinta ba. In kyanwa tana da wannan haƙƙi a kan wanda ya kulle ta, ina ga ɗan Adam?

Na uku ya ce, "Hukumar tana da manyanta masu zagayawa, su za su duba." Gwano ba ya jin warin jikinsa. Babban ma'aikaci in zai zo, tun da mako guda an sani, an share, an yi fenti, an rage mutane. Ko da ya ga aibu, aibun gidansu ne, rahoton kuwa a aljihun teburinsu zai kwana. Dattawanmu da suka yi aikin En'e sun ba mu labari cewa Di'o ya kan shiga gidan yari ya ƙirga fursuna, ya duba abinci, ya sa hannu a littafi. Wannan ya yi amfani, don yari ya san akwai mai tambaya. Amma Di'o da yari hukuma ɗaya suke yi wa aiki, talaka kuwa ba ya ganin abin da aka rubuta. A 1968 aka haɗe gidajen yarin En'e da na Gwamnatin Tarayya. Abin kunya ne a ce bayan shekara hamsin da 'yan kai ba mu wuce inda suka tsaya ba.

Na huɗu shi ne ya fi ƙarfin hujja, kuma a ƙasarmu ya fi samun masu saurare. Ya ce, "Ana shigo da bindigogi ta iyaka, ɓarayin daji suna ƙetarawa, kai kuwa kana so a ɗaure wa ma'aikata hannu." Ɗan'uwa, ba mai koya wa mutumin Ƙanƙara ko Faskari zafin bindiga. Amma ka yi tunani. Ɗakin da ba a rubuta sunan mai shiga da mai fita, wa ya fi yi wa daɗi? Mai kuɗi ne, wanda zai iya sayen ƙofa cikin dare ba wanda ya sani. Dillalin makamai ba ya kwana goma sha ɗaya a kan siminti, ɗan cin rani mai buhu a kai shi ke yi. Littafi mai tsabta da mai duba daga waje su ne ke hana a saki mugu a ɓoye, kamar yadda suke hana a riƙe mai gaskiya a ɓoye. Ma'aikacin kirki kuma riba zai ci, don in an yi masa ƙazafi ga shaida, in ba a ba shi kuɗin abincin tsararru ba ga wanda zai kai kukansa sama. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Na biyar ya ce, "Wannan dabarar Turawa ce." A'a. Alƙali Abu Yusufa, almajirin Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekarar 798, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashidu Kitabul Haraji. A ciki ya ba shi shawara a ciyar da 'yan kurkuku daga baitulmali, a ba su tufafin rani da na ɗari, a kuma naɗa wani mutumin kirki ya rubuta sunayensu, ya riƙa miƙa wa kowa rabonsa hannu da hannu kowane wata, don in an bi ta hannun masu gadi ba zai kai gare su ba. Shekara fiye da dubu ke nan malamin nan ya gane ba a ba kura ajiyar nama.

Turawan ma da wuya suka koya, ba su kuwa gama koyo ba. A Ingila akwai wani wuri, Manston, inda a kan tara masu ƙetaro teku a ƙananan jiragen ruwa. An shirya shi don mutum 1,600, kowa kada ya wuce awa 24. A ƙarshen Oktoba 2022 mutum wajen 4,000 ne a ciki, wasu sun yi makonni, har cutar mashaƙo ta ɓulla. Babban mai duba ayyukan iyaka na ƙasar, David Neal, ya je ya gani da idonsa, ya tsaya gaban 'yan majalisa ya faɗa. Kafin Nuwamba ta ƙare an kwashe kowa daga wurin. Amma ga sauran labarin: a Fabrairu 2024 ministan da ake duba ma'aikatarsa ya sallami mutumin nan daga aiki, bayan ya yi magana da 'yan jarida a kan wani sha'anin dabam. Darasi biyu ke nan. Mai duba yana da amfani, amma in wanda ake dubawa shi ke da ikon korarsa, to, rabin bakinsa a ɗaure yake.

Mu komo gida. A takarda, Nijeriya ba ta rasa kome ba. A 2009 ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2002, wadda ta wajabta wa kowace ƙasa ta kafa masu duba na kanta masu cin gashin kansu, ta kuma bar na duniya su shiga duk inda aka tsare mutum. Nijar ta shiga a 2014. Gyaran dokar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa na 2010 ya ba ta ikon ziyartar wuraren tsare mutane. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, a sashi na 34, ta ce majistare ya zaga ofisoshin 'yan sanda da sauran wuraren tsarewa a ƙalla sau ɗaya kowane wata, ya duba littafin kame, ya ba da beli in ya kamata. Wuraren hukumomin Tarayya masu ikon kame kuwa, ta ɗora wa alƙalin babbar kotu. A 2017 aka yi dokar hana azabtarwa. Duk da haka, a Satumba 2024 wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya suka zo suka zaga, da suka gama suka faɗa a fili cewa ba su sami haɗin kan hukumomi ba, sun sha wuya kafin a bar su shiga wasu wurare, halin da suka tarar a yawancin wuraren kuwa mummuna ne. Doka tana nan, ƙafar da za ta kai ta bakin ƙofa ce ta yi nauyi.

Saudiyya da Aljeriya da Libiya, inda mutanenmu suka fi shiga hannu, ba su shiga yarjejeniyar nan ba. Makaminmu a wurinsu shi ne bakin jakadunmu. To, da wane ido jakadanmu zai ce a buɗe masa ƙofa a Jidda ko Tamanrasat, alhali muna jan ƙafa wajen buɗe tamu? Laifi tudu ne. A 1969 Gana ta kori baƙi, Hausawan zango da yawa suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. A 1983 mu muka kori baƙi wajen miliyan biyu. Yau kai ne mai gida, gobe kai ne baƙo. Tun 1979 ƙasashen Afirka ta Yamma suka yarda ɗan wata ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza, amma a Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar. Mutumin Maraɗi da na Katsina kuwa uwa ɗaya uba ɗaya ne, ba za su daina ƙetarawa ta Jibiya da Kwangwalam ba.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. A bayyana wa jama'a duk wuraren da ma'aikatan shige da fice ke ajiye mutane a Jihar Katsina da sauran jihohi, kada a bar ko ɗaya a ɓoye. Kowane wuri ya kasance da littafi mai lambar shafi, a rubuta sunan mutum, da garinsu, da sa'ar da ya shiga, da dalili, da kayan da aka karɓa a hannunsa, da sa'ar da ya fita. A bar shi ya sanar da danginsa a ranar. Masu duba su zo ba sanarwa, ko da tsakar dare ne, da mace a cikinsu, da mai aikin asibiti, da mai jin harshen tsararru. Su gana da mutum a keɓe, ba mai gadi tsaye a kansa. Kuɗin aikinsu ya fito daga majalisa, wa'adinsu ya zama tsayayye. Rahotonsu kuwa a buga shi, a fassara da Hausa, a karanta a rediyo, don rahoton da aka kulle a akwati ɗan'uwan ɗakin da aka kulle ne.

Kai kuma mai karatu, da ka zauna ajin yaƙi da jahilci har ka iya riƙe alƙalami, kana da rabonka na aikin. In ɗanka ko ƙanenka zai yi tafiya, ka tsaya ya nemi takarda tukuna, ka rubuta lambarta ka ajiye. In aka tsare wani naku, ka rubuta rana, da wuri, da abin da aka karɓa. Ka sani tsarin mulkinmu ya ce duk wanda aka tsare, ɗan ƙasa ko baƙo, a gaya masa dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ka kai takardarka wurin mai gari da hakimi, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ka riƙe kwafi. In mai neman ƙuri'a ya zo ƙofar gidanka, bayan ka tambaye shi taki da tsaro, ka tambaye shi yaushe rabon da wani ya leƙa ɗakunan nan, kuma ina rahoton.

Matar maƙwabcina ba ta san sashi na 34 ba, ba ta san yarjejeniyar 2002 ba. Abin da ta nema kwana goma sha ɗaya shi ne mutum guda da zai leƙa ya ce mata ɗanta yana raye, ya sha ruwa. Wannan bai fi ƙarfin hukuma ba, in ta ga dama. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar wanda ke hannunsu. Amin.